Keke na yana ƙara "ƙas, ƙas" duk na taka feda, wa ya taɓa fama da wannan?

Mai Keken Ofis:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan. Yau kusan sati uku kenan keke na yana wata ƴar ƙara, ƙas... ƙas... ƙas, duk zagaye ɗaya na feda sau ɗaya, kuma kamar daidai lokacin da ƙafar dama ta danna ƙasa. In na daina juya feda keken na gangarawa da kansa, shiru kake ji. In na ɗaga tayar baya na juya feda da hannu ma ba ya yi, sai na hau na sa nauyi. Na zuba wa sarƙa mai har tana ɗiga, bai daina ba. Wani abokin aikina ya ce boris ɗin tsakiya, wanda hannayen feda ke juyawa a kansa, shi ne ya mutu in canza kawai, amma ni ban son kashe kuɗi a kan "wataƙila". Keke ne mai giya, bodin alminiyom, shekara biyu a hannuna. Ba wai ya hana ni tafiya ba ne amma wallahi ya shiga kaina, har ƙirga shi nake yi a hanya kamar mai tasbihi.

Dan Tsere:
Wslm. Dan uwa kar ka yarda da maganar abokin nan naka tukunna, ni nayi wannan kuskuren. Nawa ma haka yake yi, na rantse da Allah daga tsakiya nake jin karar, naje aka cire boris din tsakiya aka sa sabo, ina hawa ban kai karshen layi ba naji kas. Kunya ma ta hanani komawa wajen mai gyaran. Bayan kwana biyu na ari fedar kanina na daura, shikenan kara ta dauke. Ashe tiredin fedar hagu ne ya bushe ba giris ko digo, har ya fara tsatsa. Goge shi nayi na shafa giris na mayar da tsohuwar fedar tawa, har yau shiru. Fara da feda, shine mafi sauki, sifana mai lamba 15 ce ko alanki 6 ko 8 ta bayan hannun feda. Amma ka kula ta hagu tiredinta a juye yake, in ka murda ta yadda ka saba kwance noti kara daureta kake yi. Yadda nake tunawa: sifana tana sama, ka tura wajen tayar gaba daurewa ne, wajen tayar baya kwancewa, duka biyun haka.

Baba Makanike:
Yarana ku saurara. Na daɗe a wannan sana'ar, kuma abin da na fi faɗa wa masu kawo min keke shi ne kunne maƙaryaci ne a kan keke. Bodin nan da kuke gani bututu ne mai rami, ka ƙwanƙwasa shi a can baya ka ji sautin ya fito a ƙarƙashin ƙafarka. Shi ya sa kowa sai ya zo yana cewa tsakiya ne, boris ɗin tsakiya ya sha sharri a duniyar nan, sau da yawa in na buɗe shi lafiyarsa ƙalau.

Ni kafin in taɓa sifana ƙirge nake yi. In ƙarar tana zuwa sau ɗaya a kowane zagayen ƙafa, kuma kullum a wuri ɗaya, to abin yana cikin masu juyawa tare da ƙafa: feda, hannun feda, farantin gaba mai haƙora, ko boris ɗin tsakiya, ko kuma sirdi tunda jikinka na karkata da kowane taku. In tana zuwa bayan zagaye biyu da rabi ko uku, wani lokaci a ƙafar dama wani lokaci a hagu, sarƙa ce. In ko ka daina feda tana nan tana yi, kuma tana ƙara sauri in keken ya ƙara gudu, to ka bar maganar feda gaba ɗaya ka duba taya.

Kai da ka yi tambaya, naka ka riga ka rage mana aiki. Yanzu ka yi min abu uku gobe in za ka fita, ɗaya bayan ɗaya, kar ka haɗa. Na farko ka miƙe tsaye a kan feda ka bar sirdi, ka ji ko ta ɗauke. Na biyu ka cire ƙafar hagu ka yi feda da dama kaɗai, sannan ka juya. Na uku, tunda mai giya ne, ka sauya sarƙa daga babban faranti zuwa ƙarami ka ji ko ta canza. Ka zo ka faɗa min. Kuma ka sauka ka kama hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe, wato ciki da waje. In duka biyun suna motsi tare, wannan boris ne da gaske. In ɗaya ne kawai ke lilo, notinsa ne ya saki.

Yar Uwarku Mai Keke:
Baba ya gama magana. Ni nawa sirdi ne, kuma na yi wata biyu ina zargin feda. Gwajin miƙewa tsayen nan ne ya tona asiri, ina tashi shiru, ina zama ƙit ƙit. Na zaro sandar sirdin daga cikin bodi na tarar da yashi da wani baƙin datti duk ya manne, ashe ruwan da tayar baya ke watsowa yana gangarawa ciki. Na goge sandar da cikin ramin da tsumma, na shafa giris kaɗan, na kuma kwance maƙalin da ke riƙe ƙarafunan nan biyu na ƙarƙashin sirdi na goge su su ma. Shawara ɗaya, ki ko ka liƙa salatif a daidai inda sandar take kafin a zaro, ni ban yi ba sai da na kwana uku ina neman tsayin da na saba, gwiwa na ta ciwo.

Sarkin Gangara:
Hahaha ku bari in baku nawa kuyi dariya. Sati guda ina jin tak tak tak, na daure duk wani noti da ke jikin keken, har kararrawa saida na cire. Rannan na fito da silifas sai naji shiru. Ashe bakin igiyar takalmina ne, robar nan mai tauri, take dukan hannun feda duk zagaye. Wani abokina kuma bakin wayar giyar gaba ce ta lankwaso tana taba hannun feda, dan lankwasa ta yayi da yatsa magana ta kare. Wani kuma jak din da ake jingine keke ne ya dan goce. Kafin ka kwance komai ka tsuguna ka juya feda baya a hankali kana kallo ko akwai abinda yake shafar wani abu, zaka ga wajen ya dan yi sheki ko fenti ya goge.

Mai Tsohon Keke:
Ku duk na zamani kuke hawa. Nawa baƙin keke ne irin na da, marar giya, wanda hannun fedarsa ake riƙe shi da ɗan ƙarfen nan kwata-fin. Shi in ya fara cinyewa ba ƙara kaɗai za ka ji ba, ƙafarka ma za ta ji, kamar feda ta ɗan faɗa gaba kafin ta kama, ƙwal, duk zagaye. Kuskuren da na yi shi ne na kama ɗan notin na yi ta ɗaurewa ina ganin zai jawo fin ɗin ciki, sai tiredin ya tsinke a hannuna. Daga baya wani dattijo ya nuna min, ana tokare hannun fedar ta ƙasa da wani abu mai ƙarfi don kar bugun ya sauka a kan boris, a buga fin ɗin da guduma ya zauna, sannan a ɗaure notin ya riƙe shi kawai. Kuma ba duka girmansu ɗaya ba, akwai mai milimita 9 akwai 9.5, ka tafi da tsohon ka gwada.

Dan Tsere:
Tunda Baba ya ambaci sarka, na taba samun wannan ma. Gaba guda ce a cikin gabobin sarkar ta kafe bata lankwasuwa, duk ta zo wucewa ta kananan tayoyin giyar baya sai tayi tsalle. Lissafin ma mai sauki ne, sabuwar sarka tana zuwa da gabobi wajen 114 ko 116, farantinka in mai hakora 44 ne to sai kayi zagaye biyu da rabi da dan wani abu kafin gabar ta dawo, shi yasa bata fadowa a kafa daya. Juya feda baya kana kallon giyar zaka ga inda take zabura, ka kama wajen da hannu biyu ka dan lankwasa gefe da gefe ka diga mai. In kuma sarkar ta tsufa ne sa ruler, tsawon gabobi 24, daga fin zuwa fin, inci 12 ne cif a sabuwa, in ya wuce da 1/16 na inci lokacin canji yayi.

Ba Ruwana:
Ni fa gani nake kuna wahalar da kanku. Keke ai dole yayi kara. Ka fesa masa WD-40 ko ina ka sa iyafis a kunne kayi tafiyarka, nawa shekara guda yana yi ban mutu ba.

Baba Makanike:
Ɗana, Allah ya ƙara tsarewa, amma kar ka koya wa mutane wannan. Man feshin nan yana da amfaninsa, yana kwance tsatsa yana korar ruwa, amma ba giris ba ne, in ka cika shi a wajen boris ma wanke ɗan giris ɗin da ya rage zai yi. Ƙarar ta yi shiru kwana biyu ta dawo da ƙawayenta.

Kuma akwai ƙarar da ba a yi mata haƙuri. Hannun feda irin mai rami kusurwa huɗu, shi alminiyom ne, sandar da yake zaune a kai ƙarfe ce. In notin ya ɗan saki ka ci gaba da hawa, ƙarfen nan cin ramin yake yi a hankali har kusurwoyin su zama zagaye, daga nan ko ka ɗaure shi da ƙarfin mutum goma gobe zai sake saki, sai dai sabo. Aikin minti biyu da alanki 8 ya koma sayen kaya. Na biyu kuma tsagewa. An taɓa kawo min wani keke, mai shi ya ce ƙara kawai yake yi, na duba komai ban samu ba, sai da na wanke shi tas na haska tocila a wajen walda ta ƙasa, ga wani siririn layi kamar gashi ya zagaye rabin bututun. Na sa farce na ji yana kamawa. Na ce masa wannan keken ba zai fita daga nan a ƙarƙashinka ba, ya ji haushi na a ranar. Alminiyom ba kamar baƙin ƙarfe ba ne da yakan lanƙwashe ya ba ka notis.

Injiniyan Gida:
Gaskiyar Baba ne. Ko manyan kamfanoni abin na faruwa da su, a watan Satumba 2023 Shimano, masu ƙera kayan keke, sun yi kiran a kawo a duba hannayen feda kimanin 760,000 a Amurka da Kanada, samfurin Ultegra da Dura-Ace da aka ƙera kafin Yulin 2019, saboda ɓari biyu ne aka manne su kuma wasu suna rabuwa. Don haka mai irin wannan in ya ji ƙara ya duba layin mannewar da kyau. Sannan ga masu sifana mai auna ƙarfi, feda wajen 35 zuwa 40 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ake ɗaure ta, ƙananan kusoshi biyun nan na hannun hagu a samfurin hannun feda na Shimano mai suna Hollowtech II kuma 12 zuwa 14 ne kawai, ana yi ana sauyawa daga wannan zuwa wancan. In sandar sirdinka ta kabon ce kar ka sa mata giris na yau da kullum, akwai man da aka yi dominta.

Baba Makanike:
Injiniya ni ma'aunina yana wuyan hannuna, amma na yarda, masu sabon hannu su bi lambar.

Mai Keken Ofis:
Jama'a na dawo da rahoto, na gode ƙwarai. Baba na bi yadda ka ce. Na miƙe tsaye, tana nan, har ma ta fi ƙarfi, to ba sirdi ba ne. Da ƙafa ɗaya ɗaya duk tana yi amma ta fi a dama. Na girgiza hannun feda, ko motsi. Na ari feda na ɗaura kamar yadda Dan Tsere ya ce, na sha wuya da ta hagun duk da an gargaɗe ni, ƙarar ba ta tafi ba, nan fa na fara cewa ko dai abokin aikina ne da gaskiya. Sai na tuna ban yi na ukun ba. Ina mayar da sarƙa ƙaramin faranti sai shiru, na dawo babba ƙas. Na sauka a gefen hanya na bi kusoshin da ke riƙe farantin guda biyar da alanki 5, huɗu gam suke, na biyar ɗin ina taɓa shi ya juya kamar ba a taɓa ɗaure shi ba, har notinsa na baya yana bin sa suna juyawa tare sai da na tokare shi da bakin sukudireba. A gida na kwance su duka na goge baƙin ƙurar da ta taru tsakanin farantin da mazauninsa, na ɗan shafa giris a tiredin na mayar ina ɗaurewa ina tsallake ɗaya. Kwana huɗu kenan ban ji ta ba.

Sai dai Yar Uwa, yanzu da wancan ya yi shiru na fara jin wani ɗan ƙiiƙ siriri in na zauna da ƙarfi bayan na haye kwalbati, da alama da can ma yana nan wancan ne ya danne shi. Wane irin giris kika sa wa sandar sirdin, irin na boris ɗin nan ne ko akwai wani daban?

Yar Uwarku Mai Keke:
Shi ne dai, in sandar da bodin duk ƙarfe ne ko alminiyom. Ɗan kaɗan a yatsa ya isa, in ka cika shi, sirdin zai riƙa zamewa ƙasa kana tafiya. Kar ka manta da salatif ɗin.