Keken Roma: Musayar Waƙa Kan Finafinan Italiya Bayan Yaƙi

Ɗalibi:

Malam da Yaya, ina yi muku sallama,
Akwai fim ɗin da ya hana ni barci daren jiya.

De Sica ne ya shirya shi a 1948,
Ɓarayin Keke, kan titunan Roma ta Italiya.

Magidanci ya sami aikin manna takardun talla,
Sai da keke, nasa kuwa yana jingina tun baya.

Matarsa ta yaye zannuwan gadonsu don a fanso shi,
Ma'aikaci ya hau kanta da su, ya cusa cikin kaya,

Ƙunshi bisa ƙunshi har rufin ɗakin,
Kowane ƙunshi gida ne da yunwa ta yi wa ƙawanya.

Shin rashin kuɗi ne ya fitar da kyamara titi,
Ko da gangan suka fita neman gaskiya?

Malam:

Ɗana, duka biyun sun haɗu, ga yadda aka yi,
Cinecittà ce cibiyar fim ta ƙasar gaba ɗaya.

Mussolini ne ya buɗe ta a 1937,
Ana ta fim na masu farin tarho da tarin dukiya.

Da yaƙi ya ƙare, 'yan gudun hijira suka cika ta,
Babu ɗakin ɗauka, sai kango da bakin hanya.

Rossellini ya yi Roma Buɗaɗɗen Birni a 1945,
Da guntayen fim ɗin ɗauka da ya tattaro da wuya.

Ka dubi Anna Magnani tana bin motar Jamusawa,
An kama angonta ranar aurensu da safiya,

Harsashi ya kayar da ita a gaban ɗanta,
Waɗanda suka sha mamayar sun san babu ƙarya.

Yaya:

Malam, a gafarce ni, zan ja kunnen ƙanena,
Kada ya zaci titi ne kawai, babu abin da aka shirya.

Magnani gwanar dandamali ce tun kafin yaƙi,
Labarin keken kuma marubuci Zavattini ya tufka shi kamar igiya.

Maggiorani, da ya fito a magidancin, ma'aikacin masana'anta ne, haka ne,
Amma wani ne daban ya ara masa murya.

Abin da ya girma a idona shi ne waɗanda suka zaɓa su kalla:
Visconti a fim ɗinsa ya bar masunta suna magana da karin Sisiliya,

De Sica ya bi tsoho ɗan fansho da karensa a 1952,
Har Andreotti na gwamnati ya ce ya ɓata ƙasar a idon duniya.

Ɗalibi:

Yaya, na karɓi gyara, Malam, Allah ya ƙara sani,
Na san an tsara shi, amma ƙarshen ya tsaya mini a zuciya.

An sace keken, uban ya gaji da nema, ya saci na wani kusa da filin ƙwallo,
Jama'a suka cafke shi da mari, ɗansa na kallon wannan kunya.

Mai keken ya dubi fuskar yaron, ya ce a sake shi,
Yaron, Bruno, ya riga ya tsinto hular ubansa da ta faɗi a tsakiya.

Uban na hawaye, yaron ya miƙa hannu ya riƙe nasa,
Ba keke, ba aiki, suka shige cikin taro suna tafiya.