Na ɓata wa abokiyar aikina Bayahudiya rai kan maganar Corbyn, yaya zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ina aikin jinya a Manchester. Akwai wata dattijuwa Bayahudiya da muke aiki tare, ita ta riƙe ni lokacin ina baƙuwa, har rigar sanyi ta taɓa kawo min. Makon jiya muna shan shayi aka ɗauko hirar jam'iyyar Leba, sai na ce ai zargin ƙin jinin Yahudawa da aka yi wa jam'iyyar zamanin shugabancin Jeremy Corbyn sharri ne kawai, don yana goyon bayan Falasɗinawa. Ta ajiye kofinta, ta ce mahaifinta ɗan Leba ne har ya rasu, ita kuma ta mayar da katinta na jam'iyya a 2019 bayan an titsiye ta a taron mazaɓa, wai sai ta ba da amsar abin da Isra'ila ke yi. Tun ranar daga gaisuwa ba ƙari. Abin ya tsaya min a rai, amma ba na so in zama kamar na juya wa Falasɗinu baya.

Ɗan uwa daga Leeds: Ni ban ga laifinki ba. Abokan hamayyar Corbyn sun yi amfani da maganar don su kayar da shi, kuma akwai Yahudawan da suka tsaya masa har ƙarshe.

Malam daga Landan: Wa alaikumus salam ƙanwata. An yi siyasa da maganar, wannan gaskiya ne, amma kalmar "kawai" ita ce ta yi ɓarnar. A Oktoban 2020 hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya ta fitar da rahoto, ta samu Leba da karya dokar daidaito ta 2010 ta fuska uku: cin zarafi, katsalandan daga ofishin shugaba cikin ƙorafe-ƙorafe, da rashin horar da masu sauraron ƙorafin. Ranar aka dakatar da Corbyn saboda ya ce an zuzuta girman matsalar. Kafin nan Luciana Berger, Bayahudiya 'yar majalisar Leba daga Liverpool, ta fice daga jam'iyyar a Fabrairun 2019 bayan zagi da barazana, har sai da 'yan sanda suka raka ta babban taron jam'iyyarta a 2018. Sai 2023 ta dawo, zamanin Keir Starmer, wanda ya gaji Corbyn a shugabancin jam'iyyar. To abin da dattijuwar nan ta faɗa miki ba ita kaɗai ya sama ba.

Hajiya daga Birmingham: 'Yata, ki tuna yadda kike ji idan wani ya ga hijabinki ya ce ki yi masa bayanin Boko Haram. Shi aka yi mata, kuma a gidan da ta ɗauka nata ne tun na mahaifinta. Ba a ce ki sauya ra'ayinki kan Gaza ba, kada ma ki ɗauko zancen. Ki same ta ita kaɗai ki ce, "Na yi magana ban san abin da ya same ki ba, ki yi haƙuri." Idan ta fara ba ki labari kada ki katse ta da "amma".

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, ranar Alhamis muna aikin dare tare. Zan soya ƙosai in tafi mata da shi, ta taɓa cewa tana so.