Musayar baiti kan rubutun tmux da ya ƙi tashi

Ɗan Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum. Malamaina, ga matsalar da ta dame ni a kan sabar da nake kula da ita, wato kwamfutar da ke aiki daga nesa, na kawo ta cikin baiti kamar yadda muka saba a wannan zaure. Tmux manhaja ce da ke riƙe zaman aiki ko da layi ya yanke, SSH hanya ce ta shiga kwamfuta daga nesa, cron kuwa shi ke tada aiki a lokacin da aka sa masa.

Da sunan Rabbu zan fara batuna,
Shi ne Mai ilmi, Mai koyarwa.

Akwai wata saba a ƙasar Jamus,
Da SSH nake shiga ina dubawa.

Layinmu a nan yakan yanke,
Aikin da na fara ya bi shi da mutuwa.

Shi ya sa na rungumi tmux,
Domin zamansa ba ya rushewa.

Na tsara rubutun umarni na bash,
Ya buɗe zama, ya shiga adanawa.

In na kira shi da hannuna yana tashi,
Babu gardama, babu turjewa.

In na bar wa cron ya tashe shi da asuba,
Sai in tarar babu zama, babu sanarwa.

In kuma na aika shi ta SSH daga nesa,
"Not a terminal" yake amsawa.

Malam Na-Kusugu, Daura:

Wa alaikumus salam, ɗana. Mu da GNU Screen muka fara, mai aiki irin na tmux, wanda ya fito tun 1987, kafin Nicholas Marriott ya rubuta tmux a 2007, kuma irin abin da ka faɗa yakan sami duka biyun, saboda laifin yana ga wurin da aka kira su ne.

Ɗana, cuta biyu ka kawo mini,
Kowace da tata hanyar warkewa.

SSH in an haɗa shi da umarni,
Tagar rubutu ba ya bayarwa.

Tmux kuwa in zai nuna maka zama,
Sai da tagar yake iya haɗawa.

Ka ƙara -t a bayan ssh,
Ita ke tilasta masa samarwa.

Shi cron ba shi da taga ko kaɗan,
Dabarar -t a nan ba ta taimakawa.

Ka rubuta new-session -d,
Ya buɗe zama a ɓoye ba tare da nunawa.

Ka cire attach daga cikin rubutun,
Kai za ka yi shi da hannu wajen shigowa.

Sannan cron ba ya karanta .bashrc,
/usr/bin da /bin kaɗai ya saba dubawa.

In tmux naka yana /usr/local/bin,
Cikakkiyar hanyarsa za ka riƙa rubutawa.

Abin da na fi so ka riƙe, ɗana,
Kada ka bar rubutu ya faɗi babu gayawa.

Ka sa set -x a samansa,
Kowane layi ya fito kafin aiwatarwa.

Ka tura saƙonsa cikin fayil da 2>&1,
Don kuskure ma ya samu wurin zubawa.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara sani. Na bi abin da ka ce, kuma fayil ɗin ya fara magana, sai dai abin da ya faɗa ya ƙara ɗaure mini kai.

Ya ce an buɗe zama mai suna ajiya,
Amma tmux ls ba ya ganowa.

Washegari ya ce "duplicate session",
Ga shi kuwa zaman ba na hangowa.

Da sudo na rubuta layin cron,
Da send-keys nake yin turawa,

Wata rana umarnin ya shiga cikakke,
Wata rana farkonsa ke ɓacewa.

Yaya 'Yar Gobarau, Katsina:

Malam, da izininka zan amsa wa ƙanena. Sudo da ya ambata shi ke sa umarni ya gudana da sunan root, wato babban asusun sabar; soket kuwa shi ne fayil ɗin da tmux ke bi ya isa ga zaman mutum.

Ƙanena, ka kwantar da hankalinka,
Zaman nan yana raye a sabarka,
Ba ka gan shi ba ne daga sunanka,
Don da sunan root aka yi buɗewa.

Kowane mai shiga da soket nasa,
A cikin /tmp ake ajiye masa,
Lambarsa ce a ƙarshen sunansa,
tmux-0 na root ne, ba a haɗawa.

Ka mai da layin cron ga asusunka,
Da crontab -e bayan shigarka,
Sai tmux ls ya nuna aikinka,
Ba sai da sudo ba wajen dubawa.

Shi kuwa zama biyu da suna ɗaya,
Maganinsa has-session, ita ce tambaya,
In zaman jiya yana nan a baya,
Rubutun ya fita, ya bar maimaitawa.

Amma akwai abin da za ka tuna,
Ka sa alamar = a gaban suna,
In ba haka ba ajiya2 zai iya nuna,
Alhali ajiya kake bincikawa.

Send-keys ba ya jiran kowa ya isa,
Kamar zuba gari ne kafin ruwa ya tafasa,
Ka ba new-session umarnin da kansa,
A ƙarshen layi, shi zai yi gudanarwa.

Sai dai in aiki ya ƙare taga ta rufe,
Duk abin da ke allo an shafe,
Da remain-on-exit za ta tsaya a kafe,
Ka karanta dalilin faɗuwa ko gamawa.

Malam Na-Kusugu:

Madalla, 'yata, kin warware masa. Abu ɗaya zan ƙara, domin shawarwarinki biyu za su yi karo idan bai lura ba, kuma aikin adana bayanai ba abin da ake bari ya tsaya shiru ba ne.

In taga ta tsaya bayan aiki ya ƙare,
Has-session zai ce zaman yana rayuwa.

Rubutun ya fita kamar yadda aka ce masa,
Ajiyar ranar ke nan ba ta samuwa.

In ya tarar da zama, ya kira respawn-pane,
Umarnin jiya zai sake tayarwa.

In aikin jiya bai ƙare ba zai ƙi,
Matuƙar ba ka sa -k ba don kashewa.

Remain-on-exit kuma ta zauna a .tmux.conf,
Ta riga aikin, ko da mai saurin faɗuwa.