A Masallacin Alƙibla Biyu aka juya alƙibla, ko a wani wurin?

Direban Ziyara, Madina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata zagawa da masu Umara a mota: Kuba, Uhudu, sannan Masallacin Alƙibla Biyu. In mun isa can, abin da na ji a bakin direbobin da na tarar shi nake faɗa musu, wato a nan Manzon Allah (SAW) yana limancin azahar, an yi raka'a biyu ana fuskantar Baitul Maƙadis, sai aya ta sauka ya juya zuwa Ka'aba. Jiya wani dattijo Bazazzagi, yana saka takalmansa a bakin ƙofa, ya ce min shi ba haka ya karanta a Buhari ba. Abin ya tsaya min a rai, don magana a kan Annabi ba ta wasa ba ce. Masu sani ku warware min.

Ɗalibin Jami'a, Madina:
Wa'alaikumus salam. Malam, dattijon nan ya yi karatu. A Buhari, Bara'u ɗan Azib ya ce Annabi (SAW) ya yi wata 16 ko 17 a Madina yana fuskantar Baitul Maƙadis, kuma sallar farko da ya yi zuwa Ka'aba la'asar ce. Wani da ya bi shi sallar ya wuce ta wani masallaci, ya tarar suna ruku'u, ya rantse musu cewa ya yi salla da Annabi ana fuskantar Makka, sai suka juya a yadda suke. Mutanen Kuba kuwa sai a sallar asuba labarin ya iske su, kamar yadda Ibnu Umar ya ruwaito. Zancen azahar a unguwar Banu Salima, inda masallacin yake yanzu, malaman tarihi irin su Ibnu Sa'ad ne suka kawo shi, amma bai kai ƙarfin na Buhari ba. Shekarar dai, a wurin mafi yawan malamai, ta 2 bayan hijira ce, ayar kuma ta 144 a Baƙara. Da ni ne kai, sai in ce musu "an ruwaito", in ƙara da labarin mutanen Kuba.

Hajiya Umman Biyu, Makka:
Ɗana, ka riƙa haɗa musu da ayar da ta zo kafin ita, ta 143. Sahabbai sun damu da 'yan'uwansu da suka rasu suna fuskantar tsohuwar alƙibla, Allah ya ce ba zai tozarta imaninsu ba. Ni wannan ce take sa ni hawaye. Sannan ka duba mutanen nan, suna cikin ruku'u, mutum ɗaya ya faɗa musu, babu wanda ya ce bari mu sallame mu bincika tukuna.

Direban Ziyara:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Juyin ma ba ɗan karkata ba ne. Daga Madina Baitul Maƙadis yana arewa, Makka tana kudu, kenan sai da liman ya koma inda sahun ƙarshe yake. Wannan nakan nuna wa fasinjojina da hannu, don tsofaffinmu sun saba da gabas tun daga gida. Na sha samun wata iya ta shimfiɗa darduma a ɗakin otal tana neman mahudar rana.

Bagadarife, Jidda:
Mu a Gadarif ta Sudan arewa maso gabas muke fuskanta, nan Jidda kuma na zo na tarar gabas ce. Malam Ɗalibi, da Annabi yana Makka kafin hijira, ina yake dubawa?

Ɗalibin Jami'a:
Ibnu Abbas ya ce Baitul Maƙadis yake fuskanta, amma yana sa Ka'aba a gabansa, ya haɗa biyun. A Madina ne hakan ya gagara, tunda garin yana tsakaninsu. Riwayar tana cikin Musnadin Imamu Ahmad.