An gama ɗora Debian, ta yaya ake ƙara abin da aka tsallake?

Sabon_Shiga: Assalamu alaikum. Kwamfuta ce aka ɗora wa tsarin Linux na Debian 12 daga hoton DVD, ba intanet a lokacin, ba a kuma zaɓi fuska mai hotuna ko SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) ba. Wani jagora da ke yawo a intanet ya ce "za ka iya ƙara sauran daga baya", bai faɗi ta ina ba. Yanzu apt, mai saka manhajoji, sai ya ce a saka faifai, sudo kuma, umarnin yin aiki da ikon mai kula da kwamfuta, babu shi. Dole a sake ɗorawa ne?

Bakin_Allo: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba sai ka sake ba. Allon nan da ake zaɓen abubuwa lokacin ɗorawa manhaja ce mai suna tasksel, tana nan a cikin kwamfutar. Amma gyara tushen da apt ke ɗauko manhajoji tukuna.

Shiga root, asusun mai cikakken iko, da `su -`, da ɗan layin nan a gaba. In ka rubuta `su` kaɗai, tun daga Debian 10 ba ya canza maka PATH, wato jerin wuraren da ake neman umarni, sai ka nemi usermod da sauran umarnin da ke /usr/sbin a ce babu su, alhali suna nan.

Buɗe /etc/apt/sources.list da nano. Layin da ya fara da `deb cdrom:` shi ke sa apt neman faifai, saboda ba a zaɓi ma'ajiyar intanet ba ranar ɗorawa. Sa # a gabansa, ka rubuta waɗannan uku:

`deb http://deb.debian.org/debian bookworm main non-free-firmware`
`deb http://deb.debian.org/debian bookworm-updates main non-free-firmware`
`deb http://security.debian.org/debian-security bookworm-security main non-free-firmware`

Haɗa wayar intanet, yi `apt update`, sannan `tasksel`. Maɓallin tazara ke sa alama, Tab ya kai ka Ok. Mutane da yawa suna danna Enter a kan Xfce, ɗaya daga cikin fuskoki masu hotuna, suna zaton sun zaɓa, sai allon ya rufe ba a ɗauki komai ba.

Tsohon_Hannu: Malam Bakin_Allo ya yi daidai, sai dai ni ban cika ba sabon shiga shawarar allon tasksel ba. Bayan ɗorawa, cire alama daga abin da ke kai yana nufin a tumɓuke shi ne. Kafin ka taɓa komai, `tasksel --list-tasks` zai nuna i a gaban wanda aka saka, u a gaban wanda babu, `tasksel -t` kuma ya nuna umarnin da zai bayar ba tare da ya aikata ba.

Hanya mafi sauƙi, kowane zaɓi ƙunshi ne mai suna: `apt install task-xfce-desktop task-ssh-server`. Kada ka haɗa da `--no-install-recommends` don tsimin data, domin burauza da ɗan gunkin haɗa Wi-Fi suna cikin abubuwan da yake tsallakewa. Za ka samu fuska, amma fayau.

Sudo kuwa da gangan ne. Duk wanda ya ba root kalmar sirri lokacin ɗorawa, ba a ba mai amfani na farko ikon sudo. Yi `apt install sudo`, sai `usermod -aG sudo sunanka`. Kula da a ɗin nan, in ka manta shi za a fitar da kai daga sauran rukunonin da kake ciki. Fita ka sake shiga kafin ya kama.

Sabon_Shiga: Na gode, malamai. Xfce ta hau, intanet yana aiki, amma gunkin haɗa intanet ya ce ba shi ke kula da katin da ake jona wa wayar intanet ba.

Mai_Saba: Wannan daga /etc/network/interfaces ne. Duk katin da aka ambata a wannan fayil, NetworkManager, manhajar da ke bayan gunkin, ba ya taɓa shi, ya bar wa ifupdown, wata manhajar haɗa intanet. Bar layukan lo guda biyu yadda suke, sa # a gaban layukan katin, mai suna irin enp0s3 ko eno1, ka sake kunna kwamfutar. In ta SSH kake aikin daga nesa, kada ka yi wannan sai kana kusa da ita.

Jagororin da aka rubuta kafin 2023 ba su san non-free-firmware ba, da Debian 12 aka raba shi daga non-free, shi ya sa masu kwafe tsofaffin layuka ke neman firmware-iwlwifi, ƙunshin katin Wi-Fi na Intel, su rasa. Mai Debian 13 ya sa trixie a duk inda aka rubuta bookworm, wato laƙabin Debian 12.