Juriya a lokacin annoba: da ita ake haifar mutum ko koyonta ake yi?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum. Tun lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, a ranar 11 ga Maris, 2020, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Za ka ga mutum biyu a gida ɗaya, kulle ɗaya ya ritsa da su, labarai iri ɗaya suke ji, amma ɗaya yana ci gaba da harkokinsa, ɗayan kuwa barci ya ƙaurace masa, yana ta wanke hannu har fatarsa ta fara tsagewa. Shin juriya halitta ce, ko abu ne da mutum zai iya tanadar wa zuciyarsa kafin wata annobar ta zo?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. Wanda barci ya ƙaurace wa ba rago ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne: a watan Maris na 2022 hukumar ta bayyana cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar, kuma mata da matasa ne abin ya fi shafa. Duk da haka, binciken George Bonanno, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Columbia a Amurka, ya nuna cewa mafi yawan mutanen da bala'i ya afka wa suna girgiza na ɗan lokaci ne, sannan su dawo hayyacinsu. Ban musa cewa ɗabi'u sun bambanta ba, amma abin da na gani da idona shi ne waɗanda suka riƙe tsarin yininsu sun fi samun sauƙi. Annoba tana ƙwace wa mutum ikon sanin gobe, saboda haka duk abin da ya rage a hannunsa yana da daraja: lokacin kwanciya da na tashi, motsa jiki ko da zagaya tsakar gida ne, da kiran ɗan'uwa a ji muryarsa, ba saƙon rubutu kawai ba.

Dattijo mai ra'ayi:
Malama, na yarda da ke, sai dai ina tsoron kada a ɗora wa mutum ɗaya nauyin da ya fi ƙarfinsa. Wanda sai ya fita yake samun abin da iyalinsa za su ci, aka kuma hana shi fita, ba motsa jiki ne zai kwantar masa da hankali ba. A watan Fabrairu na 2020 mujallar likitanci ta Lancet ta buga nazarin da masana na King's College da ke Landan suka yi a kan bincike 24 game da killace mutane, kuma abubuwan da suka gano suna jefa jama'a cikin ƙunci sun haɗa da tsawaita killacewar, da ƙarancin kayan masarufi, da asarar kuɗin shiga, da rashin cikakken bayani daga hukuma, da tsangwama. Wannan na ƙarshe ya fi ci mini rai. Lokacin Ebola a Afirka ta Yamma, daga 2014 zuwa 2016, an sami waɗanda suka warke suka koma gida amma maƙwabta suka guje su. Irin wannan rauni jama'a ne suke yin sa, su ne kuma za su iya hana shi.

Ma'aikaciyar jinya:
Gaskiya ne, Baba, kuma ban ja da kai ba. Zan ƙara abu biyu ga Malam mai tambaya. Na farko, a rage bibiyar labarai, domin wanda yake kwance da waya a hannu tsakar dare yana ƙirga mamata ba ya ƙaruwa da komai sai bugun zuciya. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce a duba sau ɗaya ko biyu a rana daga majiya ingantacciya. Na biyu, a san inda haƙuri ya tsaya. Idan baƙin ciki, ko rashin jin daɗin abin da mutum ya saba so, ya kai mako biyu yana hana shi aiki ko ci ko barci, to lokacin ganin likita ya yi. Idan kuwa ya fara maganar cewa gara ya mutu, kada a yi masa faɗa, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A saurare shi, a kai shi asibiti a ranar.