Wa ya karanta Sabriel? Ya dace 'yar shekara 15 ta karanta shi?

Yayar Auta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Don Allah shawara nake nema a kan wani nobel na Turanci mai suna Sabriel, wanda Garth Nix ɗan Ostireliya ya rubuta, tun 1995 ya fito. Ƙanwata ce ta aro shi wajen ƙawarta, ni kuma da na ga maganar tayar da matattu a bayan littafin sai na ce ta dakata tukun in fara dubawa. Yanzu na kai wajen rabi kuma gaskiya labarin ya kama ni sosai, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Tun farko-farko jarumar labarin, Sabriel, ta dawo da ran wani zomo da mota ta kashe, can gaba kuma ita da kanta take shiga cikin mutuwa ta fito. Waɗanda suka gama shi, ya kuka gan shi? Koyar da tsafi yake ko kuwa akwai wani abu a ciki da ya kai a bar yarinya ta karanta? Ku faɗa min ko da ƙarshen ne, ban damu ba.

Mai Karatun Dare:

Wa alaikumus salam Yaya. Na karanta shi har da na bayansa, kuma ni a ganina wannan rubutun na bayan littafin ne ke tsorata mutane, don aikin Sabriel ba tayar da matattu ba ne, mayar da su take yi. A labarin akwai matsafa masu janyo matattu su sa su bauta, sannan akwai mutum ɗaya tak da ake kira Abhorsen, sarauta ce ta gado a gidansu, shi aikinsa duk mataccen da ya ƙi tafiya ko aka dawo da shi ya kora shi ya koma inda ya fito. Babanta ne mai riƙe da ita, da ya maƙale a cikin mutuwa sai ya aiko mata da takobinsa da ƙararrawa bakwai tana makarantar kwana tana 'yar shekara 18, ba ta ma san girman abin da aka ɗora mata ba.

Ƙararrawan nan su suka fi burge ni wallahi. Kowace da sunanta da halinta. Ranna ita ce 'yar ƙaramar, barci take sawa. Kibeth tana sa matacce ya yi tafiya ko yana so ko ba ya so, amma in mai kaɗawa ya yi sakaci shi ma sai ta tafi da shi inda bai yi niyya ba. Saraneth ɗaurewa take yi. Babbar cikinsu Astarael, in aka kaɗa ta duk wanda ya ji sautinta sai ya faɗa can cikin mutuwa, har da wanda ya kaɗa ɗin. Wato ba wani ƙarfi da ake samu a ɓagas, kowanne zai iya juyowa ya cinye mai shi, ba irin labaran nan ba ne da jaruma za ta ɗaga hannu kawai komai ya gyaru.

Ita kuma mutuwar marubucin ya siffanta ta kamar wani kogi mai sanyi, ba iyakarsa, ruwan yana jan ƙafar mutum kullum zuwa gaba, da ƙofofi tara, wanda ya wuce ta tara ya tafi ke nan har abada. In Sabriel ta shiga, gangar jikinta tana nan tsaye a duniya ƙanƙara na lulluɓe ta. Miyagun labarin duk masu ƙin bin ruwan nan ne, suna shan ran masu rai don su ƙara kwana. Zancen zomon da ya dame ki ma ki lura, ita kanta ta san ta karya alkawarin da ta yi wa babanta ne, ba a nuna shi a matsayin bajinta ba.

Tunda kin ce a faɗa: ta samo baban nata, amma ba ta tsira da shi ba. Shi da kansa ya kaɗa Astarael don ya ja babban mugun labarin, Kerrigor, ya ba ta lokacin gudu. Yarinyar da ta taso tun daga makaranta don ta ceto ubanta, kuma a hannunta akwai kayan da ake dawo da matattu da su, sai ga shi dole ta bar shi ya tafi. Wurin nan na yi hawaye ba ƙarya, don duk wanda ya taɓa rasa mahaifi ya san wannan "da ma a ce" ɗin da ke zuwa wa mutum cikin dare. Ni dai zan ba ƙanwata.

Abban Yara:

'Yar uwa kin kyauta da kika fara dubawa, ba kowa ke yin haka ba. Ni ma na karanta, kuma na yarda da mai magana a sama cewa littafin ba ya yabon masu tayar da matattu. Amma kar mu rufe ido a kan abu biyu.

Na farko, duniyar littafin ba irin abin da muka yi imani da shi ba ce ko kaɗan. Babu hisabi, babu mala'ika, mutum ne ke shiga ya fita ya tsayar da wannan ya kora wancan. Babba ya san ƙirƙira ce zalla, yarinya 'yar 15 ma mai yiwuwa ta sani, amma ya danganta da yarinyar da kuma abin da ta riga ta sani na addininta, ke kika fi mu saninta. In za ki ba ta, ki zauna da ita ku yi hirar, ki tambaye ta me ta fahimta.

Na biyu akwai wuraren da ke da nauyi. Ana yanka mutum a zuba jininsa a kan wasu duwatsu masu kare ƙasar don a fasa su. A babban birnin akwai masu ɗaure yara ƙanana su ajiye wa matattu don hankalinsu ya koma can su kuma su samu su kwashi kaya. Yaƙin ƙarshe a makarantar su Sabriel aka yi shi kuma 'yan mata sun mutu a ciki. Sannan saurayin labarin, Touchstone, lokacin da ta same shi an mayar da shi gunkin katako a goshin wani jirgin ruwa, tsirara yake kuma an faɗi hakan, akwai kuma wani wuri a masauki da take jiyo mace da namiji ta bango. Ba a zurfafa ba ko kaɗan, 'yan layuka ne, amma gara ki sani.

Yayar Auta:

Na gode ƙwarai. Na wuce wurin gunkin, na masaukin ne ban kai ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ambaliyar nan a gidan babanta, har yanzu ina tunaninta.

'Yar Laburare:

Yawwa Yaya, wurin da nake so a taɓo ke nan! Matattu ba sa iya ƙetare ruwa mai gudu, shi ya sa aka gina gidan a tsibiri a tsakiyar kogi dab da inda ruwa ke zubowa ƙasa, sai suka kawo bayi masu rai suna jera akwatuna cike da ƙasar kabari don su yi gada. Sabriel ta san in ta kira ambaliya bayin nan ma ruwa zai ci su, kuma ta kira. Ba a wanke ta ba, ba a ce ai ba komai ba, abin ya ci gaba da damunta. Nobel ɗin matasa nawa ne ke barin jarumarsa ta ɗauki irin wannan nauyin? Yawanci sai a samo wata dabara kowa ya tsira.

Ni inda littafin ya gaza min shi ne soyayyar. Mutum ya yi shekara 200 yana katako, ya farka cike da nadama, suna ta gudun ceton rai ko hirar kirki ba su yi ba, kwatsam sai ga maganar so, ban ji ta a raina ba sam. Ƙarshen ma an yi saurin rufe shi, ana gama yaƙi shafi kaɗan littafi ya ƙare. Wanda ya riƙe min labarin Mogget ne, farar magen nan mai baƙar magana, da abin wuyan nan nasa da in aka kwance shi yake komawa wata halitta mai neman kashe wadda yake yi wa hidima. Kullum kina tare da shi kina jin tsoronsa.

Wani abu kuma, Turancin yana da ɗan tauri a babukan farko, marubucin ba ya tsayawa bayani, sai dai ki yi ta bi har ki gane, in ƙanwar taki ba ta saba ba za ta so ƙamus kusa. Ki gama shi tukun kafin ki yanke, rabi na biyu ya fi na farko duhu. In ta karanta ta nemi ci gaba, Lirael ne na biyu ya fito 2001, sai Abhorsen 2003, su biyun labari ɗaya ne aka raba, don haka kar ta fara Lirael sai na ukun yana hannu. Su ma ki fara dubawa, don Lirael ta fara ne da yarinya 'yar 14 da baƙin ciki ya kai ta ga tunanin kashe kanta, wannan kam sai kina kusa da ita.